Ina Muke Shiga Ranar Ƙuri'a?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu na shekara-shekara a Ƙofar Wambai, cikin garin Bauchi)



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune daga can gefe, da ku samari da kuka sha ɗawainiyar shimfiɗa da jera kujeru tun da sassafe, sannunku da zuwa. Allah Ya ba da ladan zumunci.

Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu yi magana a kan zaɓen shugaban ƙasa. Bari mu kwantar wa kowa da hankali tun da wuri, ba tallar jam'iyya ce ta kawo mu ba. Mun san a zaman nan akwai mai laima, akwai mai tsintsiya, akwai mai jar hula, kowa ya riƙe abinsa. Abin da za mu duba shi ne, ranar da ake jefa ƙuri'a mutum nawa ne ke fitowa, su wane ne ba sa fitowa, kuma mu da muka baro Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato muka yi zaune a garin nan, ina muke shiga a ranar?

Za mu soma da lissafi, a yi mana haƙuri, domin shi lissafi ba ya jin kunyar kowa. A zaɓen 1979 da Alhaji Shehu Shagari ya ci, wajen kashi 35 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. A zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda aka kara tsakanin Abiola da Alhaji Bashir Tofa kuma gwamnatin Janar Babangida ta soke, ƙuri'u miliyan 14 da 'yan kai aka jefa. Da soja suka koma bariki a 1999, kashi 52 suka fito. A 2003 abin ya hau har kashi 69, to daga nan sai gangara. A 2007 kashi 57, a 2011 kashi 54, a 2015 kashi 44, a 2019 kashi 35. Ran 25 ga Fabrairu 2023 kuwa, mutum miliyan 93 da dubu 469 ke cikin rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, watau ko kashi 27 ba a kai ba. Bola Tinubu da ya ci, da ƙuri'a miliyan 8 da dubu 794 ya ci. In kun auna, cikin kowane mutum goma masu rajista, ko ɗaya bai cika ba. Maƙwabtanmu na Nijar, a zagaye na biyu na zaɓensu na Fabrairu 2021, sama da kashi 60 ne suka fito.

To mu dawo gida. A 2023 Jihar Bauchi na da masu rajista miliyan 2 da dubu 749. Atiku Abubakar ya sami 426,607, Tinubu 316,694, Kwankwaso 72,103, Peter Obi 27,373. In aka tattara duka har da na sauran 'yan takara da waɗanda suka lalace, ba su kai dubu 900 ba. Ke nan cikin mutum uku, biyu suna gida. Don ku ji nauyin abin, a 2011 Janar Buhari shi kaɗai ya sami ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da dubu 300 a jihar nan. Ku duba fa, ƙuri'ar mutum ɗaya a wancan lokaci ta fi ta 'yan takara duka a 2023.

Amma gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta. Ba dukan raguwar nan ce ke nuna mutane sun daina fita ba. A da ana iya zama a ɗaki a rubuta adadin da aka ga dama. Da aka kawo na'urar tantance kati a 2015, sannan aka kawo BVAS mai duba yatsa da fuska, sai ƙuri'un aljanu suka ragu. Haka kuma a cikin rajistar akwai sunayen bayin Allah da suka riga mu gidan gaskiya ba a cire ba. Duk da haka, wanda ya tsaya a layi a 2015 ya kuma tsaya a 2023 ba sai an ba shi labari ba, ya ga bambanci da idonsa.

Yanzu su wane ne a cikin rajistar? Bisa ƙididdigar da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar kafin zaɓen 2023, maza kashi 52 da rabi ne, mata kashi 47 da rabi. 'Yan shekara 18 zuwa 34 sun haura miliyan 37, kusan kashi 40 ke nan, su ne rukuni mafi girma. Dattawa 'yan saba'in zuwa sama ba su kai kashi 6 ba. Ta fuskar sana'a, ɗalibai ne kan gaba da miliyan 26, sai manoma da masunta kusan miliyan 15, sai matan aure miliyan 13. Ku riƙe wannan: matan aure kaɗai sun fi yawan ƙuri'un da aka ci shugabancin ƙasar nan da su, matasa kuwa sun ninka su har huɗu.

Samari, da ku muke. Mun gan ku a layin karɓar kati, rana na dukanku. Ranar zaɓe kuma, da aka hana motoci yawo titi ya zama wayam, sai muka ga wasunku sun kafa duwatsu a tsakiyar kwalta ana buga ƙwallo. Wani katin ma don buɗe ajiya a banki ya karɓa. Muhawara kuwa a Facebook da teburin mai shayi ba a magana, amma dai har yau ba mu ji an ƙirga ta a akwati ba.

Iyayenmu mata, ku kam kuna ƙoƙari, sau da yawa layinku kan fi na maza tsawo. Sai dai a tuna, wannan 'yanci ba a tsince shi a hanya ba. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi ƙuri'a, matan Arewa ba su yi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kafin a buɗe wa mata ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓe na 1979. Abin da aka samu da wannan wahala bai kamata a ba da shi don sabulu da taliya ba. Mu kuma magidanta, wanda ya bar iyalinsa su je biki da suna, ai ya bar su su je rumfar zaɓe.

Mun san akwai dalilai, ba mu musa ba. A 2023 an canja takardun Naira, kuɗi ya ɓace a hannu, ga layin mai, mutum yana neman na cefane ina ya ga na mota? A wurare da yawa ma'aikata ba su iso da kaya ba sai da rana ta take. Akwai kuma tsoro, domin ba mu manta da tarzomar bayan zaɓen Afrilu 2011 ba, wadda ta ci rayuka da dama a Arewa, har da matasa 'yan bautar ƙasa a jihar nan, Allah Ya kiyaye gaba. Sannan ga babban dalili, watau yanke ƙauna. Mutum ya ce, "Na yi layi tun asuba, me ya canja? Ai sun riga sun rubuta." To amma wanda ya zauna a gida, shi ya fi kowa sauƙaƙa wa mai rubutun aiki.

Mu zo kan namu ciwon, wanda shi ne maƙasudin taron nan. Da yawanmu shekara ashirin, talatin muke a garin nan. A nan muke kasuwa, a Wunti ko Muda Lawal, a nan muke biyan haraji, a nan aka yanke wa 'ya'yanmu cibi. Amma in ka ce mutum ya ciro katinsa, sai ka ga rumfar Fagge ce ko Funtuwa ko Tudun Wada ta Zariya. Doka kuwa ta ce inda ka yi rajista nan za ka jefa, kuma ranar zaɓe ba a tafiya. Saboda haka ko dai mutum ya rufe shago kwana uku ya biya kuɗin mota shi da iyali, ko ya haƙura. Galibinmu haƙura muke yi. Waɗanda suka daure suka tafi a 2019 kun san abin da ya same su: cikin daren 16 ga Fabrairu, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, aka ɗage zaɓen zuwa 23 ga wata. Nawa ne suka iya komawa karo na biyu? Sai muka zama ba mu ga tsuntsu ba mu ga tarko, can gida an rubuta ba mu fito ba, nan kuma babu sunanmu.

Kuma kada wani ya ce ƙuri'unmu ba su taka kara sun karya ba. A zaɓen gwamna na 2019 a jihar nan, wanda sai da aka je zagayen cike giɓi, Sanata Bala Muhammad ya sami 515,113, Muhammad Abdullahi Abubakar ya sami 500,625. Tazarar 14,488 ce kacal. In a kujerar gwamna haka ne, ina ga ta ɗan majalisa ko kansila? Shi ɗan siyasa da takardar sakamako yake aiki, rumfa-rumfa. Unguwar da ta ba da ƙuri'a ɗari takwas da wadda ta ba da ɗari biyu, ba murya ɗaya suke da ita ba ranar da aka je roƙon famfo ko taransifoma ko gyaran kwata.

Wani zai ce ai mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. To a tuna, Malam Aminu Kano ma aikin koyarwa ne ya kawo shi Midil ta Bauchi a 1942, a nan ya zauna da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ana tattauna al'amuran ƙasa, tun kafin a kafa NEPU a 1950. Garin nan bai ce masa baƙo ya yi shiru ba. Dokar zaɓe ma ta yarda mutum ya yi rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito. Zaɓi naka ne, amma wuri ɗaya tak.

Don haka ga shawarwarinmu. Na farko, kowa ya je gida yau ya duba katinsa da na iyalinsa, a ga wace rumfa ce a jiki. Wanda ya san ba zai iya zuwa garinsu ba, ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma a lokacin da aka buɗe rajista, ya nemi a dawo masa da ita nan. Kyauta ne. Kada a sake sabuwar rajista, yin biyu laifi ne, kuma na'ura tana kamawa. Ana rufewa tun da sauran watanni kafin zaɓe, kun dai san ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, duk yaro ko yarinyar da ta cika 18, uba ya kai ta da kansa, in kati ya fito kuma a je a karɓo. Na uku, muna roƙon kwamiti ya sa samari biyu-biyu a kowane layi, masu iya aiki da waya, su taimaka wa dattawa da mata wajen cike takardu, ranar zaɓe kuma su rako tsofaffi da marasa ƙarfi. Ba su da izinin gaya wa kowa wanda zai zaɓa. Na huɗu, a fita lafiya a dawo lafiya, ba zagi ba gori, domin 'yan gari sun riƙe mu da mutunci, kuma bayan zaɓe da su za mu ci gaba da zama.

Abin da muka yi daidai Allah Ya ba mu lada baki ɗaya, inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah Ya zaɓa mana shugabanni masu tausayinmu, Ya zaunar da Bauchi da Nijeriya lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.