A Taimaki Tsoho, Amma Kada a Ɗaure Masa Hannu

Jama'a masu saurare, na Malanville da Karimama da Guéné, da ku na Gaya ƙetaren kogi. Yau maganar tsofaffinmu za mu yi, waɗanda suka haura tamanin, ido ya dushe, gwiwa ta ƙi.

Kai makiyayi, in ka kora shanu neman ciyawa, wa ka bari a ruga? Ke 'yar kasuwa mai sammakon bakin kogi, wa kika bari a ɗaki? Da aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, masu ƙarfi sun koma kwalekwale. Tsohon da ko dokin ƙofa sai an riƙe shi, ina shi ina jirgi mai tangaɗi? Zama ya kama shi.

Bari in ba ku na gidanmu. Da idon kakata ya rufe, tausayi ya sa muka karɓe mata komai: tsintsiya, faifai, har 'yar jakar kuɗinta. Sai ta yi shiru, abinci ma sai da lallashi. Ran nan ta ce mini, "Jikana, kun binne ni da raina." Washegari muka ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayi, muka daina gusar mata da buta da sanda, muka mayar mata da ɓarar gyaɗa da jakarta. Wallahi cikin 'yan kwanaki faɗanta ya dawo, muka san ta farfaɗo.

To, ga abin da za ku iya yi ba tare da kashe ko dala ba. Ku share hanyar tsoho, a kawar da turke da igiyar dabbobi, don faɗuwa ɗaya kan karya ƙugu, ta kwantar da mutum har ƙarshen ransa. Wanda durƙuso ya gagara, a fasa masa tsakiyar kujera a ɗora a bakin masai. A bar fitila kusa da shimfiɗa. In za ku yi tafiya, ku damƙa shi ga maƙwabci da suna, ba "jama'a na nan" ba.

Kuma ba kowace makanta ce ta tsufa ba. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali da ɗan gajeren aiki likita ke cire ta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Benin ta shawo kan amosanin ido, a 2025 kuma Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da makantar bakin kogi. Ashe ido na da magani. Haka in kun ga baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi, shanyewar ɓarin jiki ce, a nufi asibiti nan take.

Abu na ƙarshe: ku riƙa tambayarsa. Kafin ku sayar da sa, ku ji ta bakin Baba. Ido ne ya tafi, hankali na nan. Allah Ya ba mu tsufa mai kyau. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.