SANA'AR FIM A CIKIN MUTANE AKE KOYONTA

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, marubucin labarin fim, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya)



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana wannan rana, ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro. Ranar da sakataren Ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce ana so in zo in yi bayani a kan yadda ake koyon shirya fim da rubuta labarinsa, sai da na tambaye shi ko dai ɓatan kai ya yi. Domin kuwa a ajinmu akwai likita, akwai alƙali, akwai wanda ya kai babban sakatare. Ni kuwa sunan da aka san ni da shi shi ne ɗan fim, sunan da har yau wasu iyayen in sun ji shi a bakin mai neman aure sai su ce a je, za su yi shawara. Sakatare ya ce ni ɗin dai ake so. To ga ni na zo, kuma magana ɗaya ce na taho da ita: wannan sana'a a cikin mutane ake koyonta. In na gama bayani kuma ina da roƙo.

Jama'a, a wannan ɗakin cin abinci da muke zaune na fara koyo. 'Yan ajinmu za su tuna yadda muke haɗa tebura shida su zama dandamali, mu ɗauko zannuwan gado daga ɗakin kwana su zama labule, mu manna auduga a haɓa mu zama dattawa. Malaminmu na Hausa, wanda shi ne uban ƙungiyar wasan kwaikwayo, yana da ɗabi'u biyu da ban gane amfaninsu ba sai da na girma. Ta farko, can ƙarshen ɗaki yake zama lokacin gwaji, duk wanda ya yi magana ƙasa-ƙasa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ban ji ba!" Ta biyu, kafin a fara gwajin kowane wasa sai mun zauna a da'ira an karanta shi a fili, kuma ɗan aji ɗaya yana da ikon ya ce wa ɗan aji biyar maganar nan ba ta yi daɗi ba. Malam, Allah Ya saka da alheri. Kuma abin da kuka yi mana yana da asali, domin marigayi Malam Aminu Kano ma ya yi amfani da wasan kwaikwayo tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, har zuwa lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauci.

In muka duba tarihin fim ɗin Hausa za mu tarar haka ya taso. Gaskiya ne tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim na sinima, amma irin wannan aiki yana cin kuɗi mai yawa, ba talaka ke taɓa shi ba. Abin da talaka ya saba gani shi ne wasannin talabijin na su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, da waɗanda ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano suke yi wa gidan talabijin na jiha, wanda a da ake kira CTV, yau kuma ARTV. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, wato Tumbin Giwa, ita ce ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990, fim ɗin da ake ɗauka shi ne mafarin wannan kasuwa. Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari yana cikin 'yan wasa. A 1992 ƙungiyar ta sake fitar da Gimbiya Fatima. A gefe guda kuma ga marubuta littattafai da suka haɗa kai a ƙungiyar Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, suna tallata littattafan juna. Daga cikinsu In Da So Da Ƙauna ya zama fim a 1994. Kafin shekarar 1999 ta ƙare har an sami mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, kuma kalmar Kannywood ta bayyana a mujallar Tauraruwa. Ku lura, duk wannan aiki ƙungiyoyi ne suka ɗauko shi, matasa ne da suke taruwa da yamma suna gyara wa juna.

Ni ma da na bar makarantar nan, wata ƙaramar ƙungiya na shiga a unguwarmu. Na je musu da niyyar zama marubuci, sai suka miƙa mini allo da aka lulluɓe da takardar azurfa, suka ce in riƙa haska fuskar mai magana da hasken rana. Na shekara biyu ina riƙon allo, ina ɗaukar batir, ina korar awaki da yara daga gaban kyamara. Raina ya sosu ƙwarai a lokacin. Amma mai riƙon allo yana tsaye ne kusa da darakta, yana jin duk abin da ake faɗa wa ɗan wasa da mai kyamara, kuma masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Daga nan aka ba ni littafin kwantiniti, wato in riƙa rubuta kayan da kowa ya sa da inda kowane abu yake a kowace fitowa. Dalili shi ne ba a ɗaukar fim bi da bi kamar yadda mai kallo yake ganinsa. In an sami aron gida na kwana biyu, duk fitowar da ta shafi gidan nan a kwana biyun za a ɗauke ta, ta farkon labari da ta ƙarshensa. Wata rana na yi sakaci. Alhajin cikin labarinmu ya shiga zaure da hula zanna, muka ɗauki fitowarsa bayan mako guda da hula dara. Babu wanda ya lura sai da aka zo wurin tacewa. Dole aka sake tara mutane, aka sake biyan kuɗin mota da na abinci, ni kuwa na wata uku ana kirana Mai Hula Biyu. Tun daga ranar ban ƙara raina ƙaramin aiki ba.

Ranar da ba zan manta da ita ba ita ce ranar da aka karanta labarina na farko. Na kwana wajen arba'in ina rubuta shi, ban nuna wa kowa ba, ina ganin in an ji shi za a miƙe a yi tafi. Muka zauna a tabarma, aka raba wa kowa sunan da zai karanta. Shafi uku na farko duk gaisuwa ce: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki. Wani dattijo da ya daɗe yana wasa a talabijin ya ajiye takardar ya ce, "Yaro, in sun gama gaisawa ka tashe ni." Aka yi ta dariya. Da aka zo inda matar cikin labarin take yin jawabi mai tsawo tana faɗin yadda mijinta ya wulaƙanta ta, sai wata 'yar wasa ta ce, "Malam, mace in ta kai nan ba ta yin dogon zance. Ka bar ni in kawo masa abinci in ajiye, in ɗauke tabarmata in koma can gefe. Kowace mace za ta gane." Na koma gida ban ci tuwo ba. Amma washegari da na sake dubawa sai na ga shafi biyu na jawabin nan ta maye gurbinsu da ɗauke tabarma guda, kuma nata ya fi nawa ciwo. A ranar na gane cewa dokar farko ta rubutun fim tana cikin karin maganarmu: gani ya kori ji.

Sauran abubuwan ma haka na tsince su, kowanne daga hannun wani. Daraktanmu ya koya mini tsarin shafi: a saman kowace fitowa a rubuta ciki ne ko waje, a wane wuri, da rana ko da dare, sannan abin da ido zai gani, sannan maganar 'yan wasa. In an tsara shi yadda ya kamata, shafi ɗaya yakan ci kimanin minti ɗaya a allo, saboda haka mai shafi casa'in ya san fim ɗin sa'a ɗaya da rabi ya rubuta. Furodusa ya koya mini cewa kowane layi kuɗi ne. In na rubuta "an yi biki, jama'a sun cika fili", ni tawada kaɗai na kashe, shi kuwa sai ya ciyar da mutum ɗari. Mai kyamara ya nuna mini cewa in mutum biyu suna magana akwai layi tsakaninsu da ido ba ya gani, kuma dole kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin nan, in ta tsallaka sai mai kallo ya ga kamar dukkansu waje guda suke fuskanta. Mai ɗaukar sauti ya koya mini tsoron janareta da injin niƙa, domin mutane sukan haƙura da hoto mai duhu, amma ba sa haƙura da maganar da ba su ji. Wato dai "Ban ji ba!" ɗin Malam ce ta sake biyo ni. Mai tacewa kuma, a zamanin da ake aiki da bidiyo biyu ana kwafa daga wannan kaset zuwa wancan, shi ya koya mini in shiga fitowa a makare in fita da wuri. Har 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata, waɗanda a wancan lokaci furodusa yake sayar wa da kwalin fim su kuma su buga kaset ɗin, sun koya mana abin da mai saye yake tambaya.

Kada a ɗauka a Kano kaɗai abin yake haka. Maƙwabtanmu na Nijar suna da Oumarou Ganda, wanda yake aikin ƙarfi a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da Bafaranshen nan Jean Rouch ya sa shi a fim ɗinsa da ya fito a 1958. Da ya koma Yamai, a ƙungiyar masu sha'awar fim ta cibiyar al'adu ya ci gaba da koyo, har a 1972 ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu. Ko a Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa da ke Jos, inda ake ba da takardar shaida, ɗalibi ba ya iya yin fim shi kaɗai, sai abokan karatunsa sun riƙe masa kyamara da fitila.

Ba zan ɓoye muku ba, zaman tare yana da nasa ciwon. Na ga hassada, na ga an saci labari, na ga marubucin da aka biya shi da godiya kawai. Na kuma ga lokacin da kwaikwayon finafinan Indiya ya yi mana yawa, kowa yana bin abin da ya ga ya karɓu a kasuwa. Amma duk gyaran da na ga an samu, a cikin taro aka same shi, lokacin da wani ya yi ƙarfin halin cewa wannan bai yi ba.

Yau zamani ya juya. Kaset ya tafi, faifan sidi ya bi bayansa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta zo da dogayen shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, waɗanda marubuta da yawa suke zama su tsara tare. A 2020 Labarina da Izzar So suka ƙara tabbatar da cewa masu kallo sun karkata ga fim mai dogon zango, a talabijin da YouTube. Wayar da ke aljihun yaron yanzu ta fi kyamarar da muka yi fim ɗinmu na farko da ita kyawun hoto. Wannan alheri ne. Abin da yake damuna shi ne, matasa sukan kawo mini aikinsu in duba, in na tambaya wa ya karanta labarin kafin a ɗauka, sai su ce babu kowa. Shi ya rubuta, shi ya ɗauka, shi ya tace, shi ya ɗora a intanet, gyaran farko da zai ji kuwa zagi ne daga bakin wanda bai san shi ba. Ni a tabarma aka yi mini dariya, kuma waɗanda suka yi dariyar su ne suka zauna suka gyara mini.

To ga roƙona. Da na iso jiya na tambayi ɗalibai ina ƙungiyar wasan kwaikwayo, suka ce sai dai labari. Ba na ɗora wa kowa laifi, na san nauyin da ke kan malamai. Ina roƙon Shugaban Makaranta ya ba mu aji ɗaya kowace Asabar da yamma. Ina roƙon Ƙungiya ta ware ɗan abin da za a riƙa ba malami ɗaya da zai zama uban ƙungiyar. Ni kuma na yi alkawari, in Allah Ya ba ni rai da lafiya, zan riƙa zuwa sau ɗaya a wata da kuɗin motata. A zangon farko ba ma bukatar kyamara, takarda da biro da da'ira sun isa.

Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, ni ban kawo ɗana nan don ya zama ɗan fim ba. Ɗan'uwana, cikin mu da muka hau teburan nan ni kaɗai na zama ɗan fim. Wanda yake fitowa a sarki shi ne alƙali a yau, wanda yake fitowa a boka shi ne likita. Abin da yaro zai samu shi ne iya rubuta Hausa mai kyau, da tsayawa gaban jama'a, da zuwa a kan lokaci, da jure gyara ba tare da ya yi fushi ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe ina addu'a ga malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta musu. Waɗanda suke raye Allah Ya ƙara musu lafiya. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.