IKON NAN NA HAWA KUJERAR NA-ƘI



Sau da yawa a kan ji ana faɗi a kasuwa ko a tasha cewa Shugaban Ƙasa ya kashe doka kaza. Wannan magana tana bukatar gyara, gama tsarin mulkin Nijeriya bai ba shi ikon kashewa ba. Abin da ya ba shi shi ne ikon ƙin sa hannu, watau hawa kujerar na-ƙi. Turawa sun gaji wannan al'ada daga Rumawan dā, waɗanda wakilan talakawansu kan tsai da hukuncin manya da kalma guda mai ma'anar na hana.

Sashe na 58 na tsarin mulkin 1999 ya ce idan Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka zartar da shirin doka, to Shugaba yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana ƙinsa. In ya ƙi, magana ba ta ƙare ba. Majalisun biyu suna iya sake zartarwa da rinjayen kashi biyu cikin uku, daga nan ta zama doka ko ransa bai so ba. Dattawa 109 ne, wakilai 360, ke nan sai an tara 73 a can, 240 a nan. A nan gizo ke saƙar, domin tara irin wannan adadi a kan Shugaban da jam'iyyarsa ke da rinjaye ba wasan yara ba ne.

Amma an taɓa yi. Cikin watan Yuni na 2000 majalisa ta tsallake ƙin Shugaba Obasanjo, ta tabbatar da dokar Hukumar Raya Yankin Neja-Delta. Shi kuwa Shugaba Buhari, da ya ƙi gyaran dokar zaɓe a Disamban 2021 saboda an wajabta wa jam'iyyu zaɓen fid da gwani na kai tsaye, majalisa ba ta yi fito-na-fito da shi ba. Ta gyara sashen, ya sa hannu a Fabrairun 2022. Ƙin nan bai kashe dokar ba, amma lalle ya sāke mata kama.

Abin da ya fi shafar mazauna Ikko da Badun da Fatakwal shi ne sashe na 100, wanda ya ba Gwamna irin wannan iko, da kwanaki 30 ɗin nan, a kan majalisar jiharsa. Dokokin da suka taɓa ɗan acaba da mai tireda da bafatake galibi daga can suke fitowa, kamar dokar hana kiwon sake wadda Gwamnan Ikko ya sa wa hannu a Satumban 2021. Muddin shirin doka yana kan teburin Gwamna, Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa suna da ƙofar kai kuka a rubuce. Da zarar alƙalami ya sauka kuwa, sai dai kotu, ko kuma a koma majalisa neman gyara.