Baƙon Mako Biyu da Baƙon Shekara Hamsin

A wannan zamani majami'un Amurka da Turai sukan turo matasa ƙauyukan Afirka su yi mako ɗaya ko biyu, su raba magani, su yi wa'azi ta bakin tafinta, kana su koma gida tun ba su iya gaisuwar mutanen da suka zo dominsu ba. Ba na shakkar ikhlasinsu, amma lamarin yana damuna ƙwarai.

Mu tuna da Likita Mila, ɗan mishan na Ingila, wanda sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya iso Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, inda Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya yarda su zauna ba. Bai yi fushi ya koma ba. Ya zauna birnin Zariya, yana duba marasa lafiya, yana karantar da yara, yana muhawara da malamai cikin harshensu, har mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin fassarar da ya ci masa shekaru masu yawa. Musulmin Zazzau, galibinsu, ba su karɓi da'awarsa ba, kuma hakkinsu ne, sai dai sun san da wa suke jayayya, shi ma ya san su. A Najeriya ya rasu a 1952.

Baƙon mako biyu kuwa, idan ya tafi, limamin majami'ar ƙauyen ne yake zama da tambayoyin da aka bari, da maƙwabtan da aka ɓata wa rai.