Agwagi da Dinyoyi a Tafkunan Guangzhou

A karkarar Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, manoma sun daɗe suna kiwon agwagi da dinyoyi a kan tafkunan kifinsu. Kashin tsuntsayen yakan zama taki ga ruwa, ya yawaita ƙananan halittun da kifi ke ci.

Amma fa abin yana da ma'auni. In agwagi suka yi wa tafki yawa, sai ruwa ya yi kore shar, iskar cikinsa ta ƙare da dare, da asuba a tarar da kifi sun taso suna haki, waɗansu sun mutu. Manomi mai lura yakan kange musu gefe guda da raga, ya rage garken ya kai kasuwa. Masu saye kuwa ba su yankewa, don gasasshiyar dinya abin marmari ce a birnin.

Wata illar ta fi wannan muni. Agwagwa takan ɗauki murar tsuntsaye ba tare da wata alama ba, ta zuba ta a ruwan da tsuntsayen daji ke sauka. A 1996 aka gano ƙwayar H5N1 a jikin wata dinya a lardin. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu. A Fabrairun 2006 ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. A 2014 hukumomin Guangzhou suka fara hana sayar da tsuntsaye masu rai a kasuwannin waɗansu unguwanni.