Jawabi Ga Hakimai A Kan Sabuwar Hanyar Gwajin Magani



Sanin kowa ne ba a sakin sabon magani sai an gwada shi. Bisa al'ada akan fara da ɓeraye da birai, sa'an nan a zo ga mutane. Amma jikin dabba daban, na ɗan Adam daban. Cikin magunguna goma da akan fara gwadawa a kan mutane, wajen tara sukan faɗi, ko don ba su warkarwa, ko don suna cutarwa. A 2006 a Landan mutum shida suka kusa halaka da wata allura wadda aka yi wa birai ba abin da ya same su.

Saboda haka masana suka nemi wata dabara, watau rainon ɗan guntun tsokar mutum a ɗakin bincike. A 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna yadda za a juya ƙwayoyin halitta na fatar mutum su zama tushen da za a samu na hanta, ko na zuciya, ko na ƙwaƙwalwa. A 2009 Hans Clevers da mutanensa a ƙasar Holan suka raini ɗan hanjin ɓera wanda bai kai ƙwayar gero ba, na mutum kuwa ya biyo baya a 2011. A kan irin wannan tsoka ake ɗiga magani a ga ko zai yi ɓarna tun bai shiga jikin kowa ba. A Disamba 2022 Amurka ta yi doka wadda ta yarda a karɓi shaidar irin wannan gwaji maimakon na dabba.

Wajibi ne hakimi ya fahimtar da talakawansa abu biyu. Na fari, wannan tsoka ba mutum ba ce, ba ta kuwa zama jariri. Na biyu, ba ta kawar da gwaji a kan mutane ba, rage hatsarinsa ta yi, gama guntun hanta ba ya faɗin abin da jiki duka zai yi. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, sa'ad da aka gwada Trovan a kan yara masu sanƙarau, har aka shekara da shekaru ana shari'a. Don haka duk wanda ya zo gunduma da gwajin magani, sai hakimi ya nemi ganin iznin hukuma, ya tabbata an yi wa kowa bayani da harshensa, ya kuma yarda don kansa. Magatakarda ya rubuta ya ajiye.

Allah ya ba jama'a lafiya, amin.