Tukunyarmu da Itacen Daji: Jawabin Ma'ajiya a Bikin Zagayowar Shekara

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwana mambobi, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa.

Maganar gawayi aka ce in yi. Na san a cikinmu akwai masu sayar da shi, da ribarsa suke zubin adashi, da ita suke biyan kuɗin makarantar yara. Ba zan tsaya nan in zargi kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin yawancinmu, kananzir kuwa sai labari. Tukunya dole ta hau wuta.

To amma wane ice ake ƙonawa? Masu gawayi sun fi son kaɗanya, don gawayinta na da nauyi, yana daɗewa a murhu. Ita kuwa kaɗanya sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. A sare ta da hantsi, a sami 'yan buhuna, shi ke nan an gama da ita. Mu masu man kaɗe, jarinmu ne ake ƙonawa. Haka ɗorawa: in ta tafi, ina za mu sami kalwar daddawa? Ku da kuke fita tsintar kaɗe kun fi ni sanin yadda tafiyar ke ƙara nisa kowace damina, kuma dajin yanzu ba na mace ta yi nisa ba ne.

Maƙwabtanmu na Maradi sun ga abin da ya fi wannan. Bayan farin 1984 gonakinsu sun zama fili fetal, iska na binne shuka da yashi. Ba dashe ne ya cece su ba, dashen yawanci mutuwa yake yi. Kututturan da ke gona suka daina tonewa. In kututture ya toho, sai a zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran a kai gida a yi girki. Sassaben zamani suke ce masa. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, shi ya sa yake saurin girma. Yau tsakanin Maradi da Damagaram ana lissafin bishiyoyi wajen miliyan 200, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Matan can a gona suke samun icen girki.

Ga abin da kwamiti ke nema ku amince. Asusunmu ya daina ba da bashi don sayen gawayin kaɗanya ko ɗorawa. Wadda wannan ce sana'arta ba za a yar da ita ba, ita za a fara ba jari ta shiga man kaɗe, ko sayar da murhun nan mai cin ice kaɗan. Na san ribar ba za ta kai ta gawayi ba a watannin farko, gara in faɗa muku tun yanzu.

Ku kuma iyayen gida, gonakin a hannunku suke. In an zo sharar gona bana, don Allah a bar mana kututturan.

Ranar taron wata za a ɗaga hannu. Mai ja ta zo da hujjarta, za a saurare ta. Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.